Karo da Ƙaro

Yamai, farkon Janairu 1978

Zuwa ga Yaya Tamu, a Mallawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sabo da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da Dada, ki ce mata autanta yana nan lafiya, yana cin shinkafar Zabarmawa har ya fara ajiye tumbi. Yaya idanun nata? Isufu direba, wanda zai kai wannan takarda Magarya, ya ce mini yanzu sai da lalube take gane ƙofa. Maganar ta tsaya mini a rai.

Na ji an gama canja azarar ɗakinta, an yi sabon yaɓe. Madalla. Saura ƙasan ɗakin, kuma a kansa nake rubuto miki. Na san halinki, kafin takardar nan ta iso kin fara zagaya gidaje kina gayyar mata da madaɓansu. To ki dakata. Kada a jiƙa makuba bana. Karo za a sa. Shi muke sa wa gidajen manya a shantiyen ginin da nake aiki, kuma tun ranar da na fara taɓa shi na yi alkawari sai uwata ta taka irinsa. Sumul yake, yana sheƙi, gara ba ta huda shi, kuma ba sai an riƙa sabunta shi ba. Da na samu mota zan aiko.

Ki gaya wa Dada in ji ni, ta ƙara haƙuri a rumfar zanan da aka kafa mata a tsakar gida. Kada ta koma ɗakin sai an sa mata karo.

Ƙaninki, Alkasim.

Mallawa, ƙarshen Fabrairu

Alkasim ƙanena,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya, sai Malam Sabo da ciwon haƙori ya sa a gaba. Dada ta amsa gaisuwarka. Ta sa ni maimaita mata wajen tumbin nan har na gaji, tana dariya tana cewa a gida ko tsokar kirki ba ka da ita.

Yanzu gyara zama ka ji abin da ilimin Yamai ya yi mana. Da na karanta cewa ƙaro za a sa, sai da na sake karantawa. Na ce yaron nan ya manta garinsu ne? Dakwara ta kewaye Mallawa gabas da yamma, ƙaro yana tsattsafowa a jikinta, ba mai waiwayarsa sai masu haɗa tawada, shi ne za a loda mana a mota tun daga Yamai? Na ce bari in hutar da kai. Na kai maganar wurin Gumsu, ka san ita ke ba da waƙa a duk daɓen da aka yi a unguwar nan tun ba a haife ka ba. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ƙaro a daɓe? Ni dai tun da uwata ta haife ni ban gani ba. Amma tunda ɗan lekol ne ya faɗa, ai sun ga abin da ba mu gani ba."

Muka shiga daji muka cika masaki, muka jiƙa shi ya narke, muka yayyafa a madadin makuba. Mata suka yi ta bugu tun hantsi har la'asar, na dama fura na tuƙa tuwo. Da ya bushe, wallahi ya yi sheƙi kamar yadda ka faɗa. Na kama hannun Dada na shigar da ita, ta shafa ƙasan da tafin ƙafa, ta sa maka albarka, ta ce a kawo mata tabarmarta. Rabon da in ga ta yi barci irin na kwanakin nan tun rasuwar Baba.

Sai randa ta fara tsattsafo yadda ta saba, ruwan alwala ma ya ɗiga nan da can. Duk inda laima ta taɓa ya koma danƙo. Tabarma ta manne, takalminta ya manne, da ta durƙusa salla sai da na ɓamɓaro zanenta. Daga nan kiyashi suka ji labari suka gayyato tururuwa, suka cije ta har cikin kunne. Ga ta can ta koma rumfa. Ni kuwa in na je rijiya sai in ji ana cewa ga mai daɓen alewa ta iso.

Ka faɗa mini abin da kuke haɗa ƙaron da shi a can, don a nan bai yi ba.

Yayarka, Tamu.

Yamai, tsakiyar Maris

Yaya Tamu,

Ina gaisuwa, ina yi wa Malam Sabo sannu da haƙori. A gaida Dada, a ce mata Allah ya ƙara sauƙin cizon.

Subhanallahi! Karo na ce, Yaya, ba ƙaro ba! Na karanta takardarki a bakin aiki, na dafe kai har abokan aikina suka zaci rasuwa aka yi. Na yarda, mu a lekol da Faransanci aka koya mana rubutu, Mushe malaminmu bai taɓa nuna mana ƙugiyar nan da kuke laƙaba wa haruffa a ajin yaƙi da jahilci ba, shi ya sa kika saba ƙara mini ita da kanki in kina karanta takarduna. Amma ai sai ki tambaya. Wane mahaukaci ne zai shafe ƙasan ɗaki da ƙaro?

Saurara in bayyana miki. Karo wani falle ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar taƙi guda, ana jera shi ɗaya kusa da ɗaya har ya rufe ƙasa. Iri-iri ne. Akwai mai taushi na bango, wanda baya gare shi ja kamar tukunya, yana shan ruwa, yana karyewa. Wanda na samo wa Dada ba shi ba ne. Wannan yumɓu ne mai laushi aka haɗa da garin dutse, inji ya danne shi, aka gasa shi da wutar da in tukunyar Mallawa ta shiga narkewa za ta yi. Shi ya sa ba ya shan ruwa ko ɗigo. Ki zuba masa ruwa da safe, in rana ba ta ɗauke ba za ki tarar da abinki. Wuƙa ba ta karce shi, mai ba ya kama shi, kuma launinsa har cikin jikinsa yake, ba shafe ba ne da zai goge. A nan shi ake sa wa ɗakunan likita da madafan otel da matakalar ma'aikatu, wuraren da dubban ƙafafu ke bi. Ragowar wani gida ne da muka gama, ubangidana ya ce in kwashe.

Na ba Isufu akwatunan, zai sauke su a tashar Magarya. Ga abin da za ku yi. A fasa daɓen alewar nan duka, a haƙe ƙasan ɗakin zurfin taƙi guda don siminti ya samu wurin zama. A nemi siminti a Magarya, a kira Ɗayyabu magini ya jera. Aiki ne mai sauƙi, kada ki tayar da hankalinki.

Dada ta jira. Ba ta taɓa samun wani abin kirki daga hannuna ba, wannan karon kam sai ta samu.

Alkasim.

Mallawa, ƙarshen Afirilu

Alkasim,

Muna lafiya, haƙorin ya fita, zafi ne ya dame mu. Dada tana gaishe ka. Abinci ya rage mata, amma bakin yana nan.

Ka ce aiki ne mai sauƙi. Bari in ba ka labarin sauƙin. Mun fasa daɓen da hannunmu, Gumsu tana tsaye tana kallo, kuma kallon nata ya fi mini zagi ciwo. Mun haƙe ƙasa yadda ka ce. Yanzu ɗakin Dada rami ne mai rufi, sai an taka dutse ake sauka cikinsa.

Akwatunanka sun daɗe a tashar Magarya, don duk mai jakin da ya ɗaga ɗaya sai ya ajiye ya ce dabbarsa ba ta yi masa laifin komai ba. Da ƙyar wani mai amalanken shanu ya yarda. Siminti kuma babu shi a Magarya, wai ginin gwamnati ya shanye. Malam Sabo ya tsallaka har kasuwar Maigatari ya dawo da buhu guda, da aka buɗe rabinsa ya riga ya zama dutse.

Ɗayyabu ya ce shi bai taɓa aiki da siminti ba, amma ba abin da laka ba ta riƙewa. Ya jiƙa karon naka cikin kwatarniya ya kwana, wai ya sha ruwa ya kama laka. Da safe ya ciro shi, ya goge da hannun riga, ga shi a bushe ƙayau. Ya kwaɓa laka ya jera layi biyu, suka yi kyau. Da lakar ta bushe, ɗan yatsa na sa na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar waina daga tanda. Kuma ka manta ɗakin Dada ba na gidan manya ba ne, bangonsa ya karkace ta wajen gabas, dole sai an rage wasu. Ya sa gatari, abin ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ya tarwatse, ɓallin ya tsaga masa ƙwauri har sai da aka ɗaure da tsumma. Ya tattara kayansa ya ce, "Tamu, ki gaya wa ƙaninki wannan ba kayan gini ba ne, kayan faɗa ne. In na sake taɓa shi ki canja mini suna."

Ba zan ce ba shi da amfani ba. Matan unguwa sun gano bayansa yana wasa wuƙa, kullum sai an aiko aro. Dada kuma ta sa na ba ta falle guda. Da tsakar rana takan kara shi a kumatu saboda sanyinsa, tana shafa shi tana cewa, "Ji santsi, Tamu. Ashe haka masu mulki ke takawa."

Ga abin da nake roƙo. Gabas ta fara haɗa gira da yamma. Ka bar ni in mayar da ƙasar ramin nan, in jiƙa makuba, mu daɓe shi irin na iyayenmu, karon ya jira ka zo da kanka. Da ni kaɗai ce da tuni na yi. Amma na taɓa mata maganar, ta ce, "Alkasim ya ce in jira. Yaro ya ɗauko kaya tun daga Yamai, in sa a binne masa wahalarsa? Sai in shi ya ce." Ka san ta. Layi ɗaya nake so daga gare ka, ka rubuta cewa a daɓe. Da ƙugiya ko babu, zan gane.

Tamu.

Yamai, tsakiyar Mayu

Yaya Tamu,

Na samu takardarki, ina gaida kowa, ina yi wa Ɗayyabu sannu, ko da yake shi ya jawo wa kansa. Wa ya ce masa ana jiƙa irin wannan? Na bango ake jiƙawa. Wannan da yake ba ya shan ruwa, laka ba ta da inda za ta kama shi, sai siminti mai ƙarfi da aka yayyafa wa gari a sama, a buga shi a hankali da ƙotar guduma. Yankansa kuma da wani ƙarfe ne mai bakin lu'ulu'u, a ja layi a karya. Kuma don Allah a daina wasa wuƙa da shi, ƙirge yake, in ya ragu ba zai rufe ɗakin ba.

Maganar daɓe kuwa, Yaya, haba. Bayan duk wannan wahala mu koma gidan jiya? In aka daɓe yanzu, sai an sake fasawa in na zo, mata su yi mini dariya ni ma. Ke kullum da gaggawa, gaggawar ce ta kai ki dajin dakwara. Ruwan kirki ba ya sauka a wajenmu sai Yuli. Ana tura mu Doso mu gama wani gida, da mun gama zan nemi kwanje, wato hutun aiki, in zo da siminti da kayan aikina, kwana kaɗan in gama. Ki ce wa Dada ta kusa.

Alkasim.

Mallawa, tsakiyar Yuni

Alkasim,

Wannan ce takarda ta biyu da na aika ba amsa, ban san ko suna isa Doso ba. Gaisuwata gajera ce yau, don ba mu da lafiya. Dada tana tari.

Ruwan da ka ce sai Yuli bai karanta takardarka ba. Ya sauka ranar kasuwar Dungas, da iska. Da yake ƙasan ɗakin ya fi tsakar gida zurfi, duk ruwan gidan can ya nufa. Da gari ya waye kwaɗi ne ke kuka a inda gadon Baba yake dā. Mun kwashe da ƙwarya, amma gindin bango ya jiƙe, yanzu ko an ce a daɓe sai an jira ya sha iska. Rumfar kuwa zana ce, ka san abin da zana ke yi da ruwa. Na same ta zaune a tsakiya ta lulluɓe da buhu, ta rungume fallen karonka a ƙirji kada ya jiƙe. Na ce, "Dada, shi ai ba ya shan ruwa, ke ce ke sha." Ko murmushi ba ta yi ba.

Malam Sabo ya zo da kansa ya durƙusa ya roƙe ta ta koma gidanmu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba za ta kwana gidan suruki ba tana da gidan miji, ko a bakin mutane ba ta son jin haka. Maƙwabta sun yi tayi, ta ƙi. Mun rufa wa rumfar tabarmi da fatar shanu, ni ma na dawo nan da kwana.

Har ƙarya na yi maka. Na ɗauko tsohuwar takardarka na buɗe a gabanta, na karanta cewa Alkasim ya ce a daɓe. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Isufu bai zo ba, jakar gidan waya ba ta zo ba. Ta sama ta faɗo? Idona ne ya mutu, Tamu, kunnena yana nan."

Na gaji, Alkasim, kuma ina jin haushinka ƙwarai. Kai kana can kana gyara wa baƙi inda za su taka, uwarka tana kwana a laima saboda maganarka. Ba siminti nake nema ba, ba kwanje ba. Ka rubuto layin nan.

Tamu.

Yamai, tsakiyar Yuli

Yaya Tamu,

Jiya muka dawo daga Doso na tarar da takardunki biyu a ɗakin mai gadi, ba wanda ya tura mini. Ban runtsa ba. Yaya jikin Dada? A kai ta likita a Dungas, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ki karanta mata wannan da ƙarfi: Dada, ni Alkasim na ce a daɓe ɗakin da makuba, ki koma ciki. Ga shi na rubuta, har na sa wani ɗan Damagaram da muke aiki tare ya nuna mini inda ake sa ƙugiyar.

Na samu kwanje farkon Agusta. Siminti buhu biyu yana hannuna, da ƙarfen yanka. In ta warke, bayan damina sai in sa mata karon a hankali, ko gefen gado kawai, ba sai an fitar da ita ba. Kafin nan ki shimfiɗa mata 'yan falle a ƙasa ta ɗora ƙafa. Ki rubuto mini ko ta taka shi ta ji yadda yake.

Ƙaninki, Alkasim.

Mallawa, ƙarshen Yuli

Alkasim ƙanena,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya kamar yadda ake yi mini. Dada ta rasu ranar Juma'ar da ta gabaci zuwan takardarka, da hantsi, a cikin rumfa, kanta a cinyata. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da Baba a Aljanna. Malam Sabo ya je Magarya ya buga maka waya ta shantiye, aka ce ba a san inda za a same ka ba.

Ba ta tafi da fushinka ba, kada ka sa wannan a ranka. Ni ce mai fushin, kuma nawa ma ya fara gajiya. Kullum in ta ji ƙarar mota a hanyar Dungas takan ce in leƙa. Na ga ƙugiyar da ka sa, ta zauna daidai. Na je rumfar na karanta layin da ƙarfi kamar yadda ka ce, ko da yake ba kowa a ciki sai tabarmarta. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne 'yan kwanakin nan da ta yi a ɗakinta bana, a kan daɓen alewata.

Akwai abin da ya kamata ka ji daga bakina kafin ka ji a tasha. An kwana ana ruwa kafin rasuwar, ƙasar maƙabarta ta jiƙe sharkaf. Malam Sabo ya ce da aka sa ta aka jera itace, sai ƙasa ta riƙa zuba ta tsakanin itacen. Aka nemi fasassun tukwane a rufe, babu, ka san masu ginin tukwane ba sa gashi da damina. Mutane suka tsaya cirko-cirko. Ɗayyabu ne ya haƙa kabarin. Sai ya taho gida da ɗingishinsa, ya wuce mu muna zaune, ya saɓi akwati guda a kafaɗa ya koma.

Liman ya ɗauki falle ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wannan da me aka yi shi?" Malam Sabo ya ce yumɓu ne gasasshe, haka ka rubuto. Liman ya ce, "To ai tukunya ce. Bismilla." Ɗayyabu ya jera su a kan itacen, baki da baki, daga kai har ƙafa. Malam Sabo ya ce layin ya tafi sumul, ba a yanka ko ɗaya ba. An yi ruwa mai ƙarfi bayan nan, kaburbura da dama sun lotsa, nata bai motsa ba. Ka yi gaskiya, ba ya shan ruwa.

Mun mayar da ƙasar ramin. Gobe Gumsu za ta zo da mata mu daɓe ɗakin da makuba, ba waƙa, don in ka zo ka samu inda za ka zauna ka karɓi gaisuwa. Simintin ka bar shi a Yamai, ka taho da kanka kawai.

Ka tambaya ko ta taka karon ta ji yadda yake. Ba ta taka shi ba, Alkasim. Yana bisa kanta.

Yayarka, Tamu.